Bugun Bencin Kwandasta

Mijina bai iya yabon mutum ba sai da bakinsa ya mutu ya dawo. Ni ce shaida, don ni na zauna da bakin nan tun yana da ƙarfinsa. Kwandasta ne a manyan motocin haya na cikin gari, kuma har yau da sunan ake kiransa, jikokinsa ma Kaka Kwandasta suke cewa. Tun sassafe yake rataye a ƙofar bas, hannu ɗaya riƙe da ƙarfe, ɗaya yana dukan jikin mota. Bugu ɗaya direba ya tsaya, bugu biyu a tafi. Sauran aikin duk na baki ne. Ya kira unguwa, ya zagi mai babur, ya yi wa fasinja ba'a, ragowar ya taho da ita gida ya sauke a kaina. In ya cinye miyata har ya suɗe kwano, iyakar abin da zan ji shi ne, "Yau dai ba ki kashe mu da gishiri ba." A wurinsa kirari ya yi min ke nan.

Hawan jini ne ya kayar da shi wata safiya a bakin famfo, buroshi na hannunsa. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke ɗif. Ƙafar ta dawo a hankali, hannun ya ƙi har gobe, bakin kuwa shi ya fi ba mu wahala. Masu zuwa dubiya sun kusa ƙarasa min shi da tausayi. Mutum zai tsaya a kansa ya tambaye ni, "Ya ci abinci kuwa?" alhali ga idonsa nan biyu yana kallonsa. Wasu su riƙa yi masa ihu a kunne, sai ka ce kurumcewa ya yi. In ya yunƙura zai faɗi abu, kafin ya kai rabi an cafe an ƙarasa masa, ko a gyara masa: "Ba cokali ba, Kwandasta, kofi ake cewa." Ƙarshe ya juya fuska bango, ya bar mana duniyar.

Wata ma'aikaciya ce ta taso shi, a ɗakin gashi na asibitin unguwarmu, inda ake motsa wa masu shanyewar jiki gaɓoɓinsu. Ƙishirwa yake ji, ya yi ta "ru... ru..." yana nuna kofi. Maimakon ta miƙa masa, sai ta harɗe hannu ta ce, "Na ji farkonta, kuma daidai ne. Ina jiran sauran." Wallahi na ga kamar zai shaƙe ta. Jijiyar wuyansa ta miƙe, gumi ya karyo, can sai kalmar ta faɗo gaba ɗayanta. Ta miƙa masa ruwan ta ce, "Ka gani? Kai ka kawo ta, ba ni ba." Daga baya ya gaya min tun da ya faɗi, ranar ce aka fara yi masa magana a matsayin mutumin da ke da sauran aiki a gabansa.

Maganar ta dawo, amma da tafiyar tsohuwar mota a kan tudu. Yana faɗa a gajarce, yana hutawa, in ransa ya ɓaci kuma sai ta cije gaba ɗaya. Da wannan guntun bakin ya buɗe aji. Ya lura in an jeru a bencin ƙofar ɗakin gashi, masu jinya ne ke ta surutu, marasa lafiyar kuwa sun yi zuru-zuru, kowa na kallon ƙafarsa. Ya bi ya dami ma'aikaciyar nan har aka ba shi wani ɗan ɗaki kusa da wurin karɓar magani. Benci biyu ne a ciki, da fanka da ba ta juyawa, da wani mataccen sikeli da aka jingine a lungu. Ni aka naɗa mai tsaron ƙofa da riƙon fulas, ba tare da an tambaye ni ba.

Dokarsa ta farko ta kanmu ce, mu masu lafiyar baki: mu zauna a baya, mu kama bakinmu. Ba mai ƙarasa wa wani magana, ko da za a wuni ana jira. Sai kuma batun tafi. Ranar farko wani tsohon mai gadi ya yi ta fama har ya faɗi sunan 'yarsa, Kwandasta ya ce a tafa masa. Ɗaki ya yi tsit, kowa na kallon hannunsa da ke kwance a cinya. Da me za su tafa? Duk cikinsu ba mai hannu biyu. Kunya ta kama ni a madadinsa. Shi ko a jikinsa, ya ɗaga hagunsa ya maka wa benci bugu biyu, irin na jikin bas, ya ce, "Mu je!" Sauran suka bi. Tsohon nan ya yi dariya har da hawaye, yawu na zuba, bai ma damu ya goge ba.

Ƙarar kuwa ba ta wasa ba ce. Masu ba da magani suka kai ƙara, aka aiko a ce ya rage. Ya ce a gaya musu mota ba ta tashi da raɗa. Aka ɗauke ajin aka mayar bayan ɗakin ajiya, wata baranda mai kallon tankin ruwa. Ya sa aka kinkimo masa bencinsa har can. "Ko bakin bola... suka kai mu," in ji shi, "da bencinmu za mu."

Kar wani ya ɗauka yabon nasa na a ji daɗi ne. Bai yarda da "madalla" ta fatar baki ba, wadda ake yi wa yaro in ya zana kaza ta fito kamar tukunya. Sai ya faɗi ainihin abin da ka yi, sannan a buga. "Jiya leɓenka bai haɗu ba. Yau ya haɗu. Benci!" Ko ya ce, "Ka ɓata hanya, ka dawo da kanka. Benci!" Akwai wani mahauci a ajin wanda duk maganar duniya ta gudu ta bar masa zagi ɗaya tak. A gida an hana shi buɗe baki in an yi baƙi. Ranar da ya ɗura wa Kwandasta "Ɗan banza!" a tsakiyar aji, matarsa ta rufe fuska da mayafi. Kwandasta ya ce, "Kun ji murya? Daga ciki ta fito... ba gargada. Wanda ya iya wannan, zai iya wata. Benci!" Yanzu mahaucin yana gaisuwa, yana neman shayi da bakinsa, zagin ma bai yar ba. Amma in ɗan'uwa ya raɗa maka amsa daga baya, ko ka faɗe ta da kyau benci ba zai motsa ba. Sai dai ya kalli mai raɗar ya ce, "Wannan taka ce. Kai kuma ba ka cikin ajina."

Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne darasinsa na farko. Iyalai suna so a koya wa nasu "na gode" da "sannu da aiki", abin da za a nuna wa baƙi. Shi da "a'a" yake farawa. Na taɓa tambayarsa dalili, ya harare ni. "Kin manta?" ya ce. "An juya ni. An ɗura min. An aske min gemu. Ba wanda ya tambaye ni. Godiya za ta jira."

A cikin wannan hali aka kawo mana Mai ɗinki. Dattijuwa ce siririya, ga tsafta, tana jan ƙafar dama tana dogara sanda. Da keken ɗinki ta raini 'ya'yanta bayan rasuwar ubansu, a wani ɗan shago da ke jikin ɗakinta. Ciwon ya kwashe mata komai ya bar mata kalma ɗaya: "To." An gaishe ta, to. An tambaye ta ko tana jin sanyi, to. Ko tana jin zafi, to. Babban ɗanta ne ke kawo ta, wani mai shagon kayan gini, mutum mai ladabi wanda gajiya ta cinye wa fuska. Ba mugu ba ne, kar in ɗauki alhakinsa. Shi ke sayen magani, shi ke kawo mata shayi da madara kullum safe kafin ya buɗe shago. Laifinsa ɗaya, ya ɗauki "to" ɗin nan da gaske, don ta fi masa sauƙi.

Kwandasta ya zaunar da ita a gaba ya fara yi mata tambayoyin rainin hankali.

"Hajiya, ni mace ce?"

"To."

"Wannan matar tawa... ta fi ki iya ɗinki?"

"To," ta ce, amma ta watso min wani kallo daga sama har ƙasa, ta tsaya a kan haɓar zanina da na ɗinke da hannu.

"Bakinki ya ce to," in ji Kwandasta. "Idonki ya ce ƙarya nake. Idon muke buga wa. Benci!"

Aka buga. Ta yi firgigit, ta dube su ɗaya bayan ɗaya. Ina jin tun da ta kwanta ba wanda ya nuna mata ya san da mutum a cikin jikin nan. Daga ranar ba ta fashi. Ya koya mata buɗe baki da faɗi, ya koya mata tsayar da numfashi a maƙogwaro ta sake shi. Wata da watanni ana abu ɗaya. Ran da ta girgiza kai, benci. Ran da ta buɗe baki yadda ake so ko da ba sauti, benci. Amma da zarar murya za ta fito, sai "to" ta yi tsalle ta shige gaba. Takan dunƙule hannun hagu ta doki cinyarta don takaici. Shi kuma ya ce, "Wannan fushin ma namu ne. Ajiye shi, za mu yi aiki da shi."

Rannan ana tsakiyar aji ɗan nata ya shigo, ba lokacin ɗaukarta ba. Ya durƙusa ya gaida Kwandasta, ya ce ya zo ne su yi sallama. Ya samu mai sayen keken, mutumin ma yana can ƙofar shagonta da mota yana jira. Za a saki shagon da ɗakin, ita kuma ta koma gidansa a can ƙarshen gari, inda matarsa za ta riƙa kula da ita. Zuwa nan kuma ya ƙare, don nisan ya yi yawa.

"Ka tambaye ta?" in ji Kwandasta.

"Na tambaye ta, Baba. Ta amince. Mama, ba ke kika ce a sayar ba?"

"To," ta ce. Hannunta na hagu ya damƙe bakin benci har yatsun suka yi fari.

"Ka ji da kunnenka," in ji ɗan.

"Na ji. Tambaye ta... ko a jefa ka rijiya."

Mahauci ya fashe da dariya. Fuskar yaron ta canza, amma bai ɗaga murya ba. "Baba, ina ganin girmanka. Amma gaskiya abin nan da kuke yi yaudara ce. Ta yi tari ku buga benci, ta yi atishawa ku buga benci. Watanni nawa yanzu? Me ta faɗa? Kuna sa mata rai a kan abin da ba zai dawo ba. Ni nake ganin kukanta, ba ku ba. Keken nan in ta gan shi kuka take yi, gara a kawar da shi ta huta."

Na san mijina. Na ga kunnensa ya motsa, na san an taɓo inda ba a taɓawa. Ya miƙe da sandarsa ya tsaya a bakin barandar, daidai hanyar fita.

"Ban taɓa buga wa ƙarya ba," ya ce. "Ko sau ɗaya. Uwarka tana ciki. Tana jinka. Abin da ta rasa shi ne... shi ne..."

Sai maganar ta cije.

Bakinsa ya karkace, leɓe na rawa, iska na fita ba kalma. Ya sake yunƙurawa, ta ƙi. A gaban ɗalibansa, a gaban yaron da ya gama cewa aikinsa yaudara ne. Ni kuwa kalmar tana kan harshena, na san ta kamar yadda na san ɗakina. Zuciyata ta yi ta ingiza ni in jefa masa ita in fitar da shi kunya. Na danne, na cusa bakin mayafi tsakanin haƙorana. Da na taimake shi a wurin nan, da na gaskata yaron. Ba abin da ake ji sai ɗigar ruwa daga tanki. Yaron ya sunkuyar da kai, irin na mai jin kunyar abin da ya jawo.

Bam! Bam!

Muka waiga. Mai ɗinki ce. Ta saki bakin bencin ta ɗaga hagunta ta maka masa, idonta a kan Kwandasta. Ba ta taɓa fara bugu ba, kullum sai dai ta bi sahu. Tsohon mai gadi ya bi, mahauci ya bi, baranda ta ɗauka. Ba kalma suke buga wa ba, don bai faɗe ta ba. Tsayuwar da ya yi suke buga wa, da ƙin zama da ya yi. Abin da ya koya musu suka mayar masa. Ya ja numfashi, ya rufe ido.

"Hanya," ya ce. "Hanya ta rasa. Ba hankali ba."

Yaron ya goge fuska da tafin hannu. Ina jin so yake kawai ya bar wurin. Ya matsa ya kama hannun uwar a hankali. "Mama, ana jiranmu. Tashi mu tafi."

Ba ta tashi ba. Ta buɗe baki da faɗi yadda aka koya mata. Muka ga maƙogwaronta ya tsaya, muka ga leɓen na neman tsukewa ya koma gidan jiya, ta hana shi da ƙarfin tsiya. Gumi ya tsattsafo mata a goshi. Ba wanda ya yi motsi. Kwandasta ya ɗaga yatsa ɗaya sama, kar wani ya kuskura ya yi ko tari.

"A... a'a."

Muryar a shaƙe ta fito, kamar ƙofar da ta daɗe a rufe. Amma ko na bayan tanki ya ji ta. Ban san lokacin da na yar da fulas na duƙa ina dukan benci da hannu bibbiyu ba, ni da aka ce in kama kaina. Mahauci yana ihu yana "Ɗan banza! Ɗan banza!" don murna. Masu magani su kai ƙara har gaban wanda suka ga dama.

Yaron ya sulale ya durƙusa a gabanta. "Mama, keken... a sayar?"

"A'a."

"Za ki koma gidana?"

"A'a."

Na ga yana lissafin baya, duk tambayoyin da ya yi mata tun kwanciyarta, duk "to" ɗin da ya karɓa ya wuce. Da ƙyar ya ce, "Shayin nan da nake kawo miki da madara, kina sonsa kuwa?"

"A'a!" Wannan har da ƙarfinta.

Aka kwashe da dariya, shi ma ya yi, hawaye na bin kumatunsa. Ni kuwa wani tsoro ne ya ɗarsu a raina. Na taɓa gani a ajin nan, mutum ya saki kalma ɗaya ya maƙale wa wata. Idan "a'a" ce ta zo ta zauna a kujerar "to", ai ba a yi komai ba, kuma yaron ba wawa ba ne, zai gane. Na dubi Kwandasta, na ga shi ma abin da ke ransa ke nan, don hannunsa na sama bai sauko ba.

Yaron ya ɗora goshinsa a kan gwiwarta. "Mama, ban sani ba. Wallahi ban sani ba. Ki yafe min."

Ta daɗe tana kallon ƙeyarsa. Bakinta ya buɗe da faɗi, ta mayar ta rufe. Ta ɗora hannun hagu a kansa, ta shafa, sannan a hankali, da zaɓinta, ta ce, "To."

Kwandasta bai ce "Benci" ba a wannan karon. Sandarsa ya miƙa ya taɓa kafaɗar yaron, ya nuna masa katakon da ido. Yaron ya ɗago, ya dubi uwarsa, ya buga sau biyu. Sannan ya ciro waya ya ce wa mai motar ya yi haƙuri ya tafi, mai keken ta ce ba na sayarwa ba ne.